Darasi na Bakwai: Faɗin Fili ko Ƙyallin Ɗaki?

Duk wanda ya san unguwar Nassarawa ta Kano shekaru talatin baya, in ya ratsa ta yau sai ya yi ta waige-waige. Turawan mulkin mallaka ne suka yanka ta bayan sun ci Kano a 1903, kuma tsarinsu ɗaya ne: ɗan gida mai baranda a tsakiyar makeken fili, itatuwa sun kewaye shi, ɗakunan masu aiki suna can baya. Yau da yawa daga cikin gidajen nan babu su. Mai kuɗi ya saya, ya sa katafila ta kwantar da ginin, ya yanka filin, ya tsayar da benaye huɗu ko shida, ko makaranta, ko asibiti. Haka abin yake a Unguwar Rimi ta Kaduna. Mutumin da ya zuba waɗannan miliyoyi bai ko leƙa banɗakin tsohon gidan ba. Ƙasa ya zo saye. Ginin ma asara ya jawo masa, tunda sai da ya biya tifa ta kwashe ɓaraguzai.

Mai ƙaramin ƙarfi kuwa akasin haka yake yi. Malamin makarantar da ya karɓi garatuti, ko 'yar kasuwar da ta shekara goma tana zubin adashi, idonsu kan abin da ke sheƙi yake fara sauka.

Dillalai sun san da haka sarai. Shi ya sa in za a kai mai saye ganin gida, ta falo ake fara shiga da shi, a kunna fitilun silin ko da rana tsaka ce. "Alhaji, taɓa tayil ɗin nan ka ji. Hajiya, leƙa kicin ki gani. Wallahi akwatunanku kawai za ku kawo." Kafin a fito, ciniki ya riga ya faɗa a zuci. Ba wanda ya tambayi ƙafa nawa ne filin, ko ina za a yi shanya, ko ina za a ɗaure ragon layya, ko ina mata za su zauna ranar suna. Sai an tare sannan a lura mota in ta shigo ƙofar falo ba ta buɗuwa gaba ɗaya. Tsohon gidan da ke bayan layi kuwa, mai daben tarazo da ya dushe da tagogi irin na makarantun da, wanda uwargida ta yamutsa fuska tun daga bakin ƙofa, an bar shi ga wani.

Ba laifi ba ne mutum ya so gida mai kyau. Abin da darasin nan yake son koyarwa shi ne yadda za a sa wa kowane ɓangare kuɗinsa, don mai saye ya san nawa yake biya saboda ƙasa, nawa saboda gini, nawa kuma saboda ƙyalli kawai.

Abu biyu da kuɗi ɗaya

Masu sana'ar kimanta kadara a Najeriya, waɗanda ƙungiyarsu ta NIESV ta kafu a 1969, hukumar ESVARBON kuma take yi musu rajista bisa dokar 1975, suna da hanyoyi da dama na gano darajar gida. Sukan kwatanta shi da makamantansa da aka sayar kwanan nan, sukan duba hayar da zai iya kawowa. Akwai kuma hanyar da kowa zai iya bi da biro da takarda: a raba gidan biyu. A tambayi nawa filin zai yi da babu komai a kansa. A tambayi nawa za a kashe a gina irin wannan ginin sabo yau, sannan a rage abin da tsufa ya ci. A haɗa biyun.

Dalilin rabawar shi ne ƙasa da gini ba hanya ɗaya suke bi ba. Gini tun ranar da aka gama shi yake fara tsufa: kwano ya yi tsatsa, fenti ya kwaile, gara ta shiga katako, yayi ma ya wuce. Hukumomin haraji na ƙasashe da yawa sun rubuta wannan a doka. A Japan gidan katako yana gama cinye darajarsa a littafin haraji cikin shekara 22. A Amurka gidan haya shekara 27 da rabi ake ba shi, amma filin da yake kai ba a rage masa ko sisi. Fili ba ya tsufa, kuma a garin da jama'a ke ƙaruwa ba a ƙera sabo. Rijiyar Zaki da Ɗanbare da ke kan titin Gwarzo gonaki ne a da, sai sabon mazaunin Jami'ar Bayero da bunƙasar gari suka mayar da su unguwanni. Masu gonakin ba su yi wa ƙasar komai ba, gari ne ya iso inda suke.

A nan sai an yi hattara da wata magana da ake yawan ji a majalisa, wai fili ba ya faɗuwa. Adadin nairar ne ba ya cika faɗuwa. Hauhawar farashi a Najeriya ta kai kashi 34.8 cikin 100 a watan Disambar 2024, kamar yadda hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta bayyana. A irin wannan yanayi, filin da kuɗinsa ya ninka cikin shekara uku wataƙila bai yi komai ba illa riƙe darajarsa. Ko hakan ma ba ƙaramin abu ba ne, tunda silin POP da labule ba sa iya yi.

Ƙafa hamsin da ƙafa ɗari

A Arewa da ƙafa ake maganar fuloti: hamsin-hamsin, hamsin da ɗari, ɗari-ɗari. Kuskuren da ya fi yawa, har a bakin masu boko, shi ne ɗaukar ɗari-ɗari a matsayin ninki biyu na hamsin-hamsin. Ninki huɗu ne. Faɗin fili tsawo ne sau faɗi. Hamsin sau hamsin ƙafa murabba'i 2,500 ke nan, kimanin mita murabba'i 232. Hamsin sau ɗari 5,000, kimanin mita murabba'i 465. Ɗari sau ɗari 10,000, kimanin mita murabba'i 929. Takardun gwamnati da mita suke zuwa, dillali da ƙafa yake magana, saboda haka mai saye ya riƙe cewa ƙafa ɗari mita 30 da rabi ce, ya kuma shiga da tef ɗin awonsa a aljihu. Fuloti da yawa da ake kira hamsin da ɗari, in an ja tef sai a tarar arba'in da biyar ne da casa'in. Wannan 4,050 ke nan maimakon 5,000, wato kusan kashi ɗaya cikin biyar ya tafi tun ba a fara ciniki ba.

Me faɗin yake saya wa iyali? Na farko dai wurin ƙari. Gidan Bahaushe ba ya gama ginuwa: ɗa ya yi aure a yanka masa sashe, tsohuwa ta dawo daga ƙauye a yi mata ɗaki, a fitar da shago biyu ta bakin titi su riƙa kawo kuɗin cefane. Gidajen da gwamnatin Shagari ta gina tsakanin 1979 da 1983, waɗanda har yau ake kira Shagari Kwatas a garuruwa da dama, da yawansu ƙanana ne ainun, amma an bar musu fili. Wanda ya shiga irin waɗannan unguwanni yau da ƙyar zai gane ainihin ginin gwamnati, saboda ɗakunan da aka yi ta jingina masa.

Akwai kuma maganar ruwa, wadda ba a cika kawowa a wajen ciniki ba. Yawancin sababbin unguwanni famfon gwamnati bai kai ba, kowa rijiya ko burtsatse yake haƙawa, kowa kuma da ramin masansa a cikin gida. Shawarar da masana lafiya suka saba bayarwa ita ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin ramin masai da inda ake ɗiban ruwan sha. Fuloti hamsin-hamsin mita 15 ne kowane gefe. Ko daga kusurwa zuwa kusurwa aka ja igiya, mita 21 da ɗoriya za a samu. Tazarar ba za ta taɓa cika ba, balle ga ramin maƙwabci a jikin katanga. A ɗari-ɗari kuwa kusurwa zuwa kusurwa mita 43 ce.

Zafi ma haka. A watan Afrilu Kano da Sakkwato da Maiduguri sukan haura digiri 40. Gidan da aka cika filinsa da gini har jikin katanga, taga tana kallon bulon maƙwabci, ba ya zaunuwa sai da na'urar sanyaya ɗaki, alhali a Afrilun 2024 an kai kuɗin wuta na masu rukunin A naira 225 kowane yunit kafin a ɗan sassauta. Tsohon gida mai dogon silin, da tagogi suna kallon juna, da darbejiya a tsakar gida, fanka ta ishe shi yawancin shekara.

Lissafi da gida biyu

Alƙaluman da ke tafe na koyon lissafi ne kawai, ba farashin wata unguwa ba ne. Kowane ɗalibi zai musanya su da na garinsu.

A ɗauka gida biyu ne a layi ɗaya, kowanne an yi masa kuɗi naira miliyan 40. Na farko sabo ne fil, ɗaki uku da falo, a kan hamsin-hamsin. Na biyu ya shekara 40, shi ma ɗaki uku da falo, a kan ɗari-ɗari. A unguwar, an sayar da hamsin-hamsin da babu gini kan miliyan 8 a 'yan watannin nan.

A sabon gidan, in an cire 8 daga 40, mai saye yana biyan miliyan 32 saboda gini. Sai ya nemi magini amintacce, wanda ba na mai gidan ba, ya tambaye shi nawa za a gina irinsa yau. A ce ya ce miliyan 27. To miliyan 5 ɗin da ta rage kuɗin me ce? Ribar wanda ya gina ce, da ladan hutar da mai saye daga zirga-zirgar leburori. Ta yiwu ta cancanta, amma gara a san sunanta kafin a biya.

A tsohon gidan, huɗu sau takwas 32 ne, sai dai ba haka kasuwa take lissafi ba. In aka yanka ɗari-ɗari gida huɗu, biyu na baya ba su da bakin hanya sai an fitar musu da lungu, lungun zai ci ƙasa, kuma fulotin lungu bai kai na bakin layi daraja ba. A sa filin a miliyan 28. Ginin kuma, a ce sabonsa zai ci miliyan 30, kuma a ɗauka irinsa yana yin shekara 60 kafin ya buƙaci a sake shi. Ya ci 40, saura 20, wato kashi ɗaya cikin uku: miliyan 10. Jimla 38. Mai saye ya sami hujjar taya shi ƙasa da 40, hujjar da zai iya nunawa a takarda.

Lissafi bai ƙare ba, domin ba za a tare a haka ba. A ce sabon kwano, da sake wayarin, da bututun ruwa, da banɗaki biyu, da fenti za su ci miliyan 9. In an saya a 40, an kashe 49 ke nan kafin a kwana a ciki. Daga cikin 49 ɗin nan, 28 tana cikin ƙasa. A sabon gidan kuwa 8 ce kacal cikin 40 take ƙasa, sauran 32 suna cikin abin da zai fara tsufa daga daminar farko. Idan kuma mai tsohon gidan ya yanke rabin filin, hamsin da ɗari, ya sayar ko da miliyan 14 ne, kuɗinsa ya dawo 35, ga gida gyararre, ga fili ninki biyu na wancan.

Wannan "idan" ɗin ita ce wurin da mutane suke faɗawa. Ya danganta da inda tsohon ginin yake zaune. In yana gefe ɗaya, rabin filin yana fita salin-alin. In kuwa a tsakiya aka dasa shi, irin na Turawa, ba abin da zai yanku sai an rushe ɗaki, ragowar filin kuma ya zama siririn zagaye da ba ya ɗaukar ko shago. Fuloti na kan kwana, mai fuska biyu, ya fi kowanne sauƙin rabawa, shi ya sa dillalai suke ɗora masa kuɗi.

Tsufan fata da tsufan ƙashi

Tsohon gida kamar tsohuwar mota yake: akwai wadda fenti da kujeru ne suka gaji, akwai wadda inji ne ya tafi. Abin da ya fi korar masu saye, wato launin fenti, da tsohon tayil ɗin banɗaki, da kabad ɗin kicin da ya kumbura, da ƙofofin da suka daina yayi, shi ne mafi arhar gyara, kuma ana iya yin sa ɗaki-ɗaki ana zaune a gidan. Daben tarazo ma da ake rainawa, in an kawo injin gogewa aka wanke masa fuska, yakan fito ya fi tayil mai arha kyau, ya kuma fi shi daɗewa nesa ba kusa ba. Abin takaici ne yadda ake farfasa shi ana zubarwa don kawai a ce an sa na zamani.

Wanda ya kamata ya tsorata mai saye ba ya cika nuna kansa a falo. Sai an zaga bayan gida an tsuguna. Tsagar da ta yi siririya kamar gashi a jikin filasta ba komai ba ce. Wadda ta tashi daga kusurwar taga ta gangara a karkace, tana bin layin bulo hawa-hawa, har tsinken ashana yana shiga, wannan maganar harsashi ce, injiniya ya kamata ya gani, ba mai fenti ba. Gindin bango in ya yi fari-fari, filasta tana zuba kamar gari in an murza da yatsa, danshi ne yake hawowa daga ƙasa, kuma fenti ba ya maganinsa, ɓoye shi kawai yake yi na wata shida. A ɗaga fallen silin ɗaya a haska tocila: in katakon rufi ya zama ɓawo, an soka masa sukudireba ta nutse, gara ta riga ta ci rabonta. A buɗe famfo a ga launin ruwan farko, domin tsofaffin bututun ƙarfe ta ciki suke tsatsa. A kwance soket ɗaya a duba waya, ko robarta ta bushe tana karyewa.

Gidaje da yawa na shekarun 1970 da 1980 silin ko rufin asbestos gare su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar kowane nau'insa yana haddasa ciwon daji idan aka shaƙi ƙurarsa. Muddin yana zaune lafiya ba a taɓa shi ba, haɗarin kaɗan ne. Ranar da lebura ya hau da guduma yana farfasa shi a bushe, ranar ce ake shaƙa. A jiƙa shi, a sauke fallayen ɗaya-ɗaya ba tare da an karya ba, ma'aikata su rufe hanci da baki, yara su bar gidan. Wannan ma kuɗi ne, a sa shi cikin lissafi.

Sabon gida ma ba a sake masa jiki. Wanda aka gina don sayarwa, sau da yawa inda ido yake gani aka kashe wa kuɗi, aka tsuke hannu a rodi da siminti. Tsohon gida aƙalla ya ga damina arba'in, duk aibinsa ya fito fili. Sabo bai ga ko ɗaya ba. Shi ya sa masu wayo suke zuwa ganin gida a watan Agusta, bayan an ɗauke ruwa da awa ɗaya, su ga inda ruwa yake kwanciya, su kuma tambayi mai shagon kan layi ko ruwa ya taɓa shiga gidajen nan. A fiƙihu wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin da ya sani, mai saye kuma yana da damar mayar da kaya in aibin da aka ɓoye ya bayyana. Amma wanda ya taɓa bin shari'ar gida ya san tambaya kafin biya ta fi sauƙi.

Kuɗin gyara kuwa da farashin yau ake yin sa, a kuma ɗora wani abu a kai. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a kasuwanni da dama, har gwamnatin tarayya ta zauna da Dangote da BUA da Lafarge a watan Fabrairu aka yi maganar dawo da shi tsakanin 7,000 da 8,000. Wanda ya yi kasafinsa wata uku kafin nan, aikinsa a linta ya tsaya. Tsadar nan dai kaifi biyu gare ta: tana sa gyara ya yi nauyi, tana kuma ƙara wa tsohon bango mai lafiya daraja, tunda kowane bulo da ke tsaye bulo ne da ba sai an saya ba.

Inda babban fili yake yaudara

Duk lissafin baya ya dogara ne kan cewa filin zai zama na mai saye, kuma za a bar shi ya yi abin da ya shirya. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da mutum yake riƙewa haƙƙin zama ne, galibi na shekara 99 ga gidan zama, kuma takardar shaidarsa ita ce wadda kowa ke kira C of O. Sashe na 22 ya ce ba a sayar da wannan haƙƙi sai da amincewar gwamna. Sashe na 28 ya ba gwamna ikon karɓe fili don amfanin jama'a. Sashe na 29 kuwa, wanda ba kowa ya sani ba, ya juya lissafin darasin nan: diyyar da doka ta tanada ta gini ce, bayan an rage tsufa, da ta amfanin gona, ita ƙasar kuwa abin da ake mayarwa bai wuce harajin da aka biya mata a shekarar ba. Wato wanda ya zuba yawancin kuɗinsa a ƙasa shi ya fi kowa buƙatar tabbatar cewa titi ko wani aikin gwamnati ba zai bi ta kanta ba.

Saboda haka kafin a ba da ko kafin-alƙalami, a je a bincika fayil: KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja. A ga sunan wa ke kai, ko an jinginar da shi a banki, ko ana bin sa harajin ƙasa. Bashin nan ba abin wasa ba ne. A watan Maris na 2025 hukumar Abuja ta sanar da soke takardun filaye 4,794 saboda shekara da shekaru ba a biya ba. A kuma ɗauki safiyo ya gwada awon takarda da na katanga, domin tsofaffin gidaje da yawa sun ci hanya ko sun shiga filin maƙwabci tun zamanin kakanni. Abin da ke cikin katanga amma ba ya cikin takarda, ba a biyan kuɗinsa. Yanka fili gida biyu, ko mayar da gaban gida shaguna, shi ma sai da izini. A Kano hukumar KNUPDA ce take duba tsarin gini. Rusau ɗin da aka yi a Kano a watan Yunin 2023, a Filin Idi da tsohon otal ɗin Daula, ya nuna yadda gini mai tsada yake komawa ƙasa idan asalin filin yana cikin taƙaddama.

Filin awon igiya, wanda mai gona ya yanka da kansa aka yi takarda a gaban mai unguwa, yakan fi faɗi ya kuma fi arha, kuma dubban iyalai suna zaune a irinsa lafiya. Amma ba a kwatanta kuɗinsa da na filin da gwamnati ta tsara, ko da katanga ɗaya ce ta raba su.

Wani faɗin kuma na banza ne. Ƙarƙashin babban layin wuta ba a gini: mita 15 kowane gefe ga layi mai ƙarfin 132kV, mita 25 ga mai 330kV. Tsohon kududdufin da aka cike da shara, irin waɗanda suka yi yawa a cikin birnin Kano da kewayenta, sama-sama fili ne, amma harsashinsa yana iya cin kuɗin rabin gida, damina kuma ba ta manta hanyarta.

Ga kuma gidan gado, wanda yawancin tsofaffin manyan gidajen da ke kasuwa shi ne. Babban wa ya ce an wakilta shi, a biya, bayan shekara biyu ƙanwa da ke aure a wani gari ta ce ba ta sani ba. A nemi takardar rabon gado ta kotu, kowane magaji ya sa hannu a gaban shaidu. In kason mutum ɗaya ake saye a gidan da ba a raba ba, a tuna cewa a mazhabar Malikiyya sauran abokan tarayya suna da haƙƙin shuf'a, wato su mayar wa mai saye kuɗinsa su karɓi kason.

Aljihu da shekaru

Ko lissafi ya nuna tsohon gida ya fi riba, ba kowa ya dace da shi ba. Mutumin da miliyan 40 ɗin nan ita ce iyakar abin da ya mallaka, mai gidan haya kuma ya ba shi notis, in ya sayi tsohon gidan zai tare ƙarƙashin rufi mai yoyo ba shi da na kwano. Dattijuwar da 'ya'yanta suka watse, ba ta da mai tsaya mata kan leburori, babban fili ɗawainiya ce gare ta: doguwar katanga, shara, ciyawa, maigadi. Magidanci mai shekara arba'in da yara shida da albashi mai shigowa duk wata, wanda zai iya gyara ɗaki biyu bana ya bar saura sai baɗi, lissafinsa daban ne. Wani kuma nisan wurin aiki da kuɗin mota ne za su yanke masa hukunci, tun ba a zo maganar tayil ko ƙafa ba.

Aikin wannan mako

Kowane ɗalibi zai auna tsawo da faɗin gidan da yake zaune, na haya ne ko na kansa, ya fitar da faɗinsa da ƙafa murabba'i, sannan ya zana inda ginin yake a cikin filin. Zai tambayi dillalai biyu, kowanne shi kaɗai, nawa aka sayar da fili marar gini na ƙarshe a unguwar, aka sayar fa, ba aka yi wa kuɗi ba. Zai tambayi magini nawa irin ginin zai ci yau. Daga nan ya fitar da darajar gidan ta hanyar da aka bi a sama, ya zo da takardar aji. Waɗanda suke gida ɗaya ko layi ɗaya su yi aikin daban-daban, a gwada alƙalumansu a allo ranar darasi na gaba.